Hanyar Daurar Ƙaraye da darasin da sitiyari ya koya mini

Duk wanda ya ji an ce Daura, hankalinsa kan tafi birnin Bayajida da rijiyar Kusugu a Jihar Katsina. Amma akwai wata Daurar a yammacin Jihar Kano, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, mai maƙwabtaka da Rogo. A wani ƙauye na ƙasar wannan Daura goggona take aure, kuma can na nufa cikin watan Agusta, damina ta yi tsaka, bayan an aiko cewa jikinta ya matsa, ana so a kawo ta asibiti a Kano.

Motar da na ɗauka tsohuwar jif ce da na saya a hannu. Na kashe mata kuɗi ba kaɗan ba, sai dai a inda ido ke gani: na sa mata ƙarfen gaba, na ƙara fitilu, na ɗaura kariya a sama. Ta daɗe tana ɗan ja zuwa dama, sitiyarin kuma yana wasa kafin taya ta amsa, amma a titunan birni ban ɗauki hakan komai ba.

Na fita ta Kabuga, na wuce Rimin Gado da Gwarzo, na bi ta Getso. Ƙasar nan Allah Ya yi mata albarkar noma. Masara ta fi tsayin mutum, shinkafa ta rufe fadamu, ga dawa kore shar har iyakar gani. A nan madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, take riƙe ruwan kogin da ke gangarawa Kano har ya haɗu da na Haɗeja. Matafiyi ba ya gajiya da kallo, muddin yana kan kwalta.

Da na sauka kan burji labari ya sauya. Ruwa ya zaizaye hanya, ya bar kwazazzabai da tudun yashi. Motar ta shiga rawa, in karkata hagu ta yi jinkiri, in gyara ta zarce. A gangaren wani kwalbati na yi kiciɓis da amalanken shanu, yara uku a kai. Na murɗa sitiyari don in kauce, motar ba ta amsa a kan kari ba, da ta amsa kuma sai ta wuce inda na nufa. Tayar gaba ta tsaya a bakin rami, tsakaninmu da amalanken bai kai taku biyu ba. Babban yaron ya dube ni ya ce, “Sannu Baba,” suka wuce. Ni kuwa na kusan minti goma hannuna na karkarwa. Na tuna cewa a wannan motar zan ɗauko marar lafiya, a wannan hanyar.

Na lallaɓa na koma cikin Ƙaraye, aka nuna mini wani dattijon bakanike mai gyaran ƙafar mota. Ya sa jak ya ɗaga gaba, ya kama taya ta gefe da gefe ya girgiza, muka ji ƙwas-ƙwas. Ya ce, “Alhaji, wannan tayarod ne ya cinye. Shi ke kai saƙon sitiyari ga taya, in ya yi sako-sako sai saƙon ya makara.” Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, ya ce nan ake gane boljoyin ko boris, nawa da sauransu. Ya haska ƙarƙashi ya nuna mini robobin bushin duk sun tsattsage. Ya danna gaban motar ya saki, ta yi ta lilo. Shokozoba mai lafiya, in ji shi, sau ɗaya take barin mota ta ɗago ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tayoyi. Ya sa geji, ya tarar mai faci ya ɗura musu iska fiye da kima, har ɗaya ta fi ’yar uwarta. Taya mai tauri irin haka tsalle take yi a kan burji maimakon ta kama ƙasa. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini takardar da masu ƙera motar suka manna, mai ɗauke da awon iskar da ta dace. Shekara uku ina shiga ta wannan ƙofa ban taɓa karanta ta ba. Sannan ya nuna mini lambobi huɗu a jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Guda cikin na gaba ta haura shekara takwas, girmanta ma ya saɓa da na sauran.

Na ce, “Malam, aljihu fa ba nauyi.” Ya yi dariya ya ce ai gyaran ƙafa da tsari ake bin sa. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: a daidaita iska, a duba man sitiyari, a ɗaure notuna, a sauko da kaya masu nauyi daga kariya, domin jif doguwa ce, in aka ɗora mata nauyi a ka sai ta nemi kifewa a kwana. Daga nan tayarod da bushin, masu araha ne amma su ke riƙe rai. Sai shokozoba, ita kuma biyu-biyu ake sauya ta. Ƙarshe a kai ta alaimen. Ya gargaɗe ni da kada in ruɗu da ɗaga mota ko sa mata manyan tayoyi, don hakan na ƙara wa kayan ƙafa wahala, ya kuma ƙara shan mai, alhali tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take.

Muka yi waya Ƙofar Ruwa, aka ba direban motar haya kayan, suka iso kafin la’asar. Ya ɗaura, ya mayar da tayar safaya gaba, ya ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba ya daidaita su gwargwadon iko, ya ce in na isa Kano in kai wa masu na’ura su ƙarasa. Duk abin da na biya bai kai kuɗin ƙarfen gaba da fitilun da na yi wa motar ado da su ba. Kafin in tafi ya ƙara mini uku: a rage iska kaɗan a cikin yashi, a mayar da an hau kwalta, kada a bar giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta in motar irin tawa ce, kada kuma a zura babban yatsa cikin sitiyari a hanyar gargada, don in taya ta doki dutse yana iya fizgewa.

Na kwana a ƙauyen. Da safe muka shimfiɗa wa Goggo katifa a baya, muka biya ta Rogo, ƙasar rake da mazarƙwaila, muka ɗauki ’yarta da za ta yi jinya. A hanya na lura da motocin da ke ɗauko amfanin gona da mutane, da yawansu tayoyin gaba sun cinye ta gefe ɗaya, alamar ciwon da tawa ta yi fama da shi. Jami’an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba sa shiga waɗannan lunguna, don haka duba mota ya rage tsakanin mai ita da Allah. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin biyu su ma da nasu nauyin: kwalbati ɗaya da aka gyara kafin damina zai tsare motoci da rayuka masu yawa, ya kuma rage wa manomi kuɗin kai kaya kasuwa.

Mun sake bi ta gangaren nan, motar ta bi inda na nuna mata. Goggo ta ɗago kai ta ce, “Ɗan nan, tuƙinka da natsuwa.” Ban gaya mata abin da ya faru jiya ba. Mun isa asibiti kafin azahar, kuma washegari na kai motar alaimen, na sa aka kwance kariyar.