Zuwa Ga Ɗana: Kada A Sauke Injin Nan Tukuna

Mu nan Matamaye lafiya lau, sai sanyi da hazo. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Ƙaninka ya dawo daga Damagaram da labarin motarka. Ya ce tun shigowar Disamba ba ta tashi da asuba sai an tara yara sun tura, har wani ya ce maka injin ya gaji, a sauke shi. Ya kuma ga yaron motarka yana tsoma tsumma a fetur yana kara shi a bakin shan iska. Wannan shi ya hana ni barci. Na rubuto maka a fili ne saboda ba kai kaɗai ba ne. Duk hunturu haka samarin direbobi ke yi a tasha, daga Takeita har Ɗan Barto.

Ka fara sanin abin da ka saya. Mercedes 207D ce, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1977, mai inji OM616, silinda huɗu, lita 2.4. Irinta Turawa masu yawon buɗe ido suka riƙa mayarwa ɗaki, da gado da murhu da tankin ruwa, su keto hamada ta Tamanrasat da Assamaka da Arlit su sauko Agadas. A shekarun 1980 da yawansu a Nijar suke sayar da motocinsu su koma gida a jirgi. Injin nan mai jimiri ne. Ban yarda ya mutu ba sai an nuna mini shaida.

Injin gazuwal ba shi da tartsatsin wuta irin na mai fetur. Fistin ne ke matse iska, a naka har ninki 21, ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. Da asubar Janairu, lokacin da sanyin ƙasarmu ke sauka ƙasa da digiri 15, ƙarfen injin yana shanye wannan zafi kafin mai ya kama. Injin da ke da lafiya ba ya damuwa da wannan. Tsoho kuwa, duk ɗan raunin da zafin bazara ya rufa masa asiri, hunturu zai tona shi.

Saboda haka gobe, kafin kowa ya taɓa ta, ka murɗa makulli ka kasa kunne, ka sa yaro ya tsaya baya yana duban hayaƙi. Abu biyu kawai nake so ka gane: injin yana juyawa da nauyi ne, ko yana juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa? Ciwo biyu ne daban, kuma masu haɗa su wuri guda su ke cinye kuɗin mutane.

In da nauyi yake juyawa, maganar wuta ce. Ka ari mita. Batirin da ya kwana ya kamata ya nuna wajen volt 12.6, in ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Lokacin da ake buga kik, kada ya faɗi ƙasa da 10. In mota ta tashi, altaneta ya ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Ka sani zafin Afrilu da Mayu ne ke ƙone batir, ba sanyi ba. Sanyin dai shi ke kai ƙararsa. Amma kada ka ruga sayen sabo. Kwance kawunan batir ka kankare su har su yi ƙyalli, ka bi babbar wayar da ta haɗa inji da gangar mota. Ka taɓa ta bayan an buga kik: inda ka ji zafi, nan wuta ke maƙalewa.

A nan zan daɗe kaɗan, domin motarka ba kamar sauran motocin tasha ba ce. Ɗaki ce a dā. Irin waɗannan suna da batir na biyu don fitilu da firji da famfon ruwa. Kai ka cire gadon ka sa kujeru, to wa ya bi wayoyin? Sau da yawa an yanke su ne kawai an cusa bayan katako, wasu har yanzu suna tsotsar babban batir dare farai. Gwajin ba ya cin ko dala: da daddare ka cire kan batir ɗaya, da asuba ka mayar. In ta juya da ƙarfi, ɓarawon yana cikin gida. Banda haka, waya mai rai da aka bari tana gogar ƙarfe a motar da ke ɗaukar mata da yara, abin tsoro ce. Ka duba baƙin mai kuma, domin shi ma kan sa inji ya juya da nauyi. SAE 40 zalla yakan yi kauri da sanyi. 15W-40 ya fi dacewa da wannan lokaci.

In kuwa yana juyawa da sauri, hayaƙi zai ba ka labari. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gazuwal yana nufin mai na zuwa, zafi ne babu. To ka nufi hita, waɗannan buji huɗu da ke ɗumama ɗakin wuta kafin a tayar. Ta samfurin baya-baya, in tana da lafiya, takan nuna wajen ohm 1 a mita. Tsofaffin samfurin wannan inji an jera hitocinsu ne a kan layi guda, ɗaya ta ƙone duk sun mutu. Na baya-baya kowace da wayarta, shi ya sa mota kan tashi tana karkarwa da silinda uku. Kada fitilar gaban direba ta ruɗe ka, a auna a tabbatar wuta na isa kan hitocin.

In babu hayaƙi sam, mai ne bai iso ba. Da dare iska kan shiga ta tsagewar tiyo, mai ya koma tanki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai ɗan famfon hannu a jikin injekta. Ka buga shi har ya yi tauri sannan ka tayar. In ta kama nan take, ka canja tiyo da filta, ka duba shi kansa famfon ko yana yoyo. Masu cewa gazuwal na daskarewa a nan, a zuba masa kananzir, ka rabu da su. Sanyinmu bai kai nan ba. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 mai tsafta yana kusa da kai. Ruwa da laka daga jarkokin bakin hanya suke shigowa.

Saura abu guda da matasan makanikai ke mantawa: bawul na wannan inji da hannu ake saita su. In suka matse, iska na zurarewa, mota ta ƙi tashi da sanyi. Aikin rabin wuni ne. Sai an yi wannan, an duba nozul, sannan a sa ma'auni a gwada matsin kowace silinda. Wanda ya ce ringi sun tafi bai auna ba, zato yake yi da aljihunka.

Tsumman fetur kuwa, a daina shi daga yau. Fetur kan fashe tun fistin bai kai sama ba, ya karya ringi, in ya tarar da hita da zafi wuta na iya dawowa ta bakin iska ta ƙone hannun yaro. Ɗan mutane ne, amana ce a hannunka. Kada kuma a hura wuta ƙarƙashin inji, kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 ba a bar shi ya huta ba.

Ka rubuta abin da mita ta nuna da kalar hayaƙin, ka aiko mini ta hannun direbobin Kance. Kafin nan, ban yarda kowa ya ɗora sifana a kan injin nan ba. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hanya.

Wassalam,
Mahaifinka,
Matamaye.