Maƙogwaro Huɗu, Numfashi Ɗaya

A wani gareji a Sabon Garin Zariya akwai wani tsohon bakanike wanda ya shekara talatin yana cin abinci da kunnensa. Aikin da ya yi suna a kai shi ne daidaita kafireto a manyan babura, irin su Honda CB750, wanda ya fito a 1969 da silinda huɗu da kafireto huɗu.

Galibin motoci maƙogwaro ɗaya gare su, ta nan iska ke shiga ta rarrabu a cikin inji. Amma injin da aka ƙera domin gudu, kowace silinda da nata maƙogwaron, da ɗan marfin da ke buɗewa in an ba shi wuta. Haka injin BMW M3 ta 1986 yake, ko da yake shi ba ya amfani da kafireto. Fa'idar wannan tsari ita ce inji ya amsa nan take. Illarsa kuwa, idan marfi ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa buɗewa ko da kaɗan ne, sai wata silinda ta riƙa ɗaukar nauyin wata, injin ya yi ta kakkarwa.

Dabarar tsohon ita ce ya kara bakin tiyo a kunne, ya bi maƙogwaron ɗaya bayan ɗaya yana sauraron shigar iska, yana murza noti har muryoyin su zama ɗaya. To, shekaru sun ja, ji ya ragu. Sau biyu wani mai babur yana komo masa da aiki, abin da bai taɓa faruwa ba. Da yaronsa ya aro geji mai allura huɗu, wanda ke auna zuƙar kowace silinda, sai ya kwana bakwai bai ko dube shi ba.

Ran na takwas ya ce a ɗauko. Suka bar injin ya yi zafi, suka kunna masa fanka domin iska ce ke sanyaya shi, sa'an nan suka ɗauki silinda ɗaya ta zama ma'auni. Duk wadda aka taɓa, sauran sai sun motsa, dole a sake komawa baya. Allura uku suka jeru, ta huɗu ta ƙi. Yaron ya kai hannu zai ƙara murza notinta.

“Dakata,” in ji tsohon. “Laifin ba na noti ba ne.”

Ya shafa robar da ta haɗa kafireton da inji, sai ga tsaga, iska na satar hanya. Da an matsa notin, da allura ta jeru, cutar kuwa tana nan.

“Maigida, yaya aka yi ka sani?”

“Geji ya faɗi akwai saɓani, bai faɗi mafarinsa ba.”

Tun daga ranar, yaron ke karanta allura, tsohon na neman dalili. Tiyon nan yana rataye a ƙusa, ya hana kowa ya yar.