A bar wa Inna tsintsiyarta

Ladabin da muke yi wa tsofaffinmu, wani lokaci shi ne ke kwantar da su. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta, yaro ya riga shi. Inna ta ɗauki tsintsiya, jika ta karɓe: "Haba Inna, muna nan za ki yi shara?" Masallacin da ke kusa da gida ma sai an kai Baba a babur. Niyyar kirki ce, amma gwiwar da ba a lanƙwasa ta sandarewa take yi.

Na ga haka a jinyar mahaifiyata, lokacin da hawan jini da ciwon gwiwa suka sa ta koma yin sallah a kan kujera. Likitan gashin ƙashi da ya duba ta ya tambaye ni wa ke share mata ɗaki. Na ce jikoki. Ya ce a mayar mata da tsintsiyarta. Ya koya mata tashi daga kujera ba tare da ta dafa ba, da ɗaga duga-dugai tana riƙe da bango, da tattaki daga ɗakinta zuwa zaure bayan La'asar, da sharaɗin in ta ji jiri ko ciwon ƙirji ta dakata nan take. Da farko ta ce wasan yara ne. Ranar da ta yi ruku'u a tsaye, ita da kanta ta kira ni in gani.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wanda ya kai 65 kuma ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Wannan ƙarin ya fi damuna, domin tsohon da ya faɗi ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya komawa yadda yake.

Wajen bibiya, manhajar ƙirga taku ba ta yi mana amfani ba, don wayar Inna a ƙarƙashin filo take wuni. Dama taku 10,000 da ake ta yayatawa daga tallar wata na'ura ya samo asali a Japan a 1965. Abin da nake dubawa shi ne: tana iya miƙewa daga tabarma ba dafa bango? Tana iya hira tana tafiya ba haki?

Jikokin da ke karɓe tsintsiyar su ma minti 60 ake so su motsa kullum. Amma daga boko sai Islamiyya, sai lesin, sai waya, kuma makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne marasa fili. A layinmu akwai yaran da ba su taɓa yin langa ko 'yar gala-gala ba.