Ana Cigiyar Talabijin Mai Doro

Yaushe rabonka da ganin talabijin mai doro a kunne? Babu wanda ya yi shelar tafiyarta. Wayar gari kawai aka yi filasma ta hau bango.

To, ga wani yaro a layinmu, nan cikin birnin Zariya, yana nemanta ruwa a jallo. Ɗalibi ne, a Samaru yake karatu. Ya kai wa kafinta zane, an haɗa masa akwatin katako mai tsayin mutum. A gaba akwai kanta, an kafa mata sanda mai ƙulu da maɓallai shida. Sama da kantar an bar taga. Irin akwatin wasan nan ne da ake jefa wa tsabar kuɗi a Japan da Amurka, zamanin da Pac-Man ya fito a 1980, da Street Fighter II a 1991. Mu gidan gem ɗinmu benci ne da Sega da talabijin a kan tebur, sai yaro mai karɓar kuɗi.

Na ce masa ya sa filasma a tagar ya huta. Ya ce, "Kawu, ba za ka gane ba." Ya yi bayani kuma na gane, abin dai bai girgiza ni ba. Wasannin nan don kwalbar talabijin aka zana su. A can wuyan kwalbar akwai wata bindiga da ke feso lantarki kan gilashi layi-layi, daga sama zuwa ƙasa, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Hoton wasan bai wuce layi 240 ba. Kwalba tana barin siririn duhu tsakanin layi da layi, tana tausasa gefen hoto. Filasma kuwa ba ta rufa asiri, sai fuskar jarumi ta fito kamar an jera bulo. Sannan sai ta tsaya lissafi kafin ta nuna hoto, alhali a kwalba kana danna maɓalli naushi ya fita. Bindigar harbin agwagwa ta Nintendo ma ba ta aiki sai a kan kwalba. Wato dishi-dishin da muka tara kuɗi muka gudar masa, shi yaron nan yake bi da kuɗinsa.

Sabuwa dai babu. Sony ya daina yin Trinitron tun 2008. A shagunan Sabon Gari dariya suka yi masa.

Amma ka san gidan birni ba ya zubar da kaya. Talabijin ɗin suna nan, a ɗakin tsohuwa ko a kusurwar soro, an lulluɓe su da ƙyallen saƙa, an ɗora filas da agogon da shi ma ya tsaya. Shekara da shekaru babu wanda ya jona su. Sai dai ka buɗe baki ka ce, "Hajiya, ko za a sayar mini da wannan?" Nan take za a tuna cewa marigayi Malam ne ya sayo ta shekarar da ya sauke farali. Sai tambaya ta biyo baya: "Me za ka yi da ita, ɗan nan?" In yaron ya ce wasa, ya raina gado. In ya yi shiru, to akwai abin da ya sani. Ga kuma tsohuwar jita-jitar nan cewa a cikin tsofaffin rediyo da talabijin akwai wani jan sinadari mai tsadar gaske. Babu shi. Amma a 2009 irin wannan magana ta sa keken ɗinki Singer ya yi tashin gwauron zabi a Saudiyya, kuma har yau ba ta mutu ba. Hajiya ta gyara ƙyallen, ta ce sai ta yi shawara da yara.

Waɗanda suka fita daga gida kuwa, 'yan jari bola sun riga shi. Su ba su tambayar tana kawo hoto ko ba ta kawowa. Su fasa bayan, su zare dunƙulen jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalba, su ɓalle allon, su ɗora a sikeli. Gilashin ba ya da mai saye, ga shi da dalma a ciki. In ka bi gefen ganuwa za ka ga ƙwanson roba a kife, kaza na kwanci a ƙarƙashinsa.

Ƙarshe dai wajen wani dattijo mai gyara aka dace, a wani lungu kusa da kasuwa. Shagon cike yake da masu doro har rufi, kowace da suna a takarda an manna da salatef. Masu su sun kawo gyara ba su dawo ba. Yaron ya nuna wata babba. Dattijon ya ce, "Amana ce, samari." Takardar ta yi ja, sunan ya goge, amma amana ce.

Tasa ta kansa ya jawo, Sharp mai inci 21. Ya fara juya bayanta ya nuna ramukan waya, ruwan ɗorawa da fari, domin wadda ramin eriya kaɗai gare ta wahala ce. Ya ce tana cin PAL ɗinmu, tana cin NTSC na Amurka da Japan, in ba haka ba wasan zai fito baƙi da fari. Ya jingina madubi a gabanta don ya riƙa ganin hoto yana aiki ta baya. A kusurwar sama akwai shuɗin tabo, alamar ta daɗe kusa da sifika, maganaɗisu ya taɓa ta. Ya ce wannan mai fita ne.

Da yaron ya kai hannu zai taɓa wata robar da ke manne a ƙeyar kwalba, dattijon ya doke hannun. A ƙarƙashinta wutar kan kai wajen bolt 25,000, kuma cire waya daga soket ba ya sa ta tafi. Ya ɗaura wa sukundireba waya, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen jikin kwalbar, ya sa hannun hagu a aljihu, ya zura ta ƙarƙashin robar. Tas! Sannan ya ce, "Yanzu taɓa." Yaron ya ce ya fasa.

A baro aka turo ta, don Keke Napep ba ya shiga lungunmu. Fuskar ta zauna daram a taga. Doron ne ba a auna ba, sai da kafinta ya dawo ya yanke bayan akwatin. Solar gidansu ba ta ɗaukarta, sai an kawo wuta. Rimot kuma ya ɓata tun a hannun mai ita na farko, kuma duk sanda aka kunna ta sai ta koma neman tasha. Maɓallin da ke mayar da ita kan wasa katako ya rufe shi. An huda rami daidai wajen, an ɗaura biro da zare a gefe don zungura.