Idon Da Ba Ya Tare Taga

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja, sana'a ta koya mana ƙirga nauyi. Duk abin da aka ƙara wa manhaja, mai tsohuwar waya da 'yar data kaɗan ne zai biya. Da wannan hali muka zauna zaɓar ido, wato gilashin gaba da masu hoto ke kira lens, don kyamararmu ta fim, Leica M6 ta hannu. Kuɗin ido ɗaya kawai muka tara, shi ma sai da aka yi watanni ana tsimi.

Irin wannan kyamara, renjifainda, ba ta cikin idon ake leƙawa ba. Tana da 'yar taga daban a sama. A tsakiyar tagar za ka ga siffa biyu, ka yi ta murɗa idon har su haɗe, sannan hoto ya fito tas. Idan idon ya cika girma, sai bakinsa ya shigo cikin tagar ya tare kusurwar ƙasa ta dama, yaro ya gifta ta nan ba ka gan shi ba. Noctilux 50mm f/0.95, wanda ake ta zuzutawa, ya kai kusan giram 700, ya fi ita kyamarar nauyi.

Amfanin babban ido shi ne shan haske a duhu. Mu kuwa a Kano rana ce ta yi mana yawa. M6 ba ta ƙiftawa da saurin da ya wuce 1/1000 na daƙiƙa, don haka da tsakar rana, ko da fim mai lamba 100 ne, dole a tsuke idon zuwa wajen f/5.6. A ce mu biya kuɗin hasken da sai bayan magariba za mu mora, mu kuma rataya nauyinsa a wuya tun safe? Ga kuma mutane. Ka ɗaga ƙaton gilashi a kasuwar Kurmi, nan take fuska ta ɗaure, a fara tambayar daga wace jarida kake.

Elmar 50mm ya ja hankalinmu, jikan wanda Max Berek ya tsara wa Leica ta farko, wadda ta fito a 1925. Ana tura shi ciki ya lafe, kyamara ta shige aljihun babbar riga. Amma bututun da kullum yake shiga yana fita, a garin da hunturu ke zuwa da ƙura, bai kwanta mana ba.

A ƙarshe Summicron-C 40mm f/2 muka ɗauka, wanda aka ƙera wa Leica CL a 1973, nauyinsa wajen giram 125. Daga kusurwa zuwa kusurwar fim milimita 43 ne, ke nan 40 ta fi 50 kusa da abin da ake kira daidaitaccen ido. Yana da nasa cikas: M6 ba ta da layin 40 a tagarta, na 50 take nunawa, saboda haka hoton yakan ɗebo fiye da abin da layin ya zagaye. Fim biyu muka ƙarar kafin mu saba da matsawa gaba taku ɗaya.