Ɗan Ƙasa Uku a Birnin Lesta

A birnin Lesta na ƙasar Ingila akwai wani saurayi wanda in aka tambaye shi garinsu sai ya yi jim kafin ya amsa. Asalin zuriyarsu mutanen Gujarat ne ta ƙasar Indiya. Kakansa kuwa a Kampala aka haife shi, yana da kanti a can, har shekarar 1972 da Idi Amin ya ba Indiyawa kwana 90 su bar Uganda. Wajen mutum 28,000 suka sauka Ingila, ko da yake hukumar birnin Lesta ta buga sanarwa a jaridar Uganda Argus tana cewa kada su nufo ta.

Saurayin nan Turanci ya tashi da shi. Kakarsa takan yi masa magana da Gujaranci, shi kuwa ya mayar mata da Turanci. Da ya kai ziyara Indiya ya kira rogo "mogo", yadda ake faɗi a gidansu, sai dangi suka yi ta dariya, domin kalmar daga Sawahilanci aka aro ta. Can ana ce masa ɗan Ingila, a Ingila kuma wasu na ce masa baƙo.

Yanzu tsohuwar ta manyanta ƙwarai, kuma ita kaɗai ta rage da ta san labarin hijirar nan da bakin gida. Saboda haka kowace Lahadi yakan zauna gabanta da littafi, tana faɗa yana rubutawa, tana gyara masa lafazi.