Ɗakin Inna

A ƙasarmu ba a kai tsoho gidan gajiyayyu. Akwai irinsa a Shahuci cikin Kano, amma a Tambuwal ko Kebbe, wanda ya ambaci haka ga mahaifiyarsa sai gari ya ɗauka. Duk da haka zaɓin yana nan: gidan wa za ta zauna?

Da hawan jini ya shanye wa Innarmu ɓarin hagu, muka yi zama. Yaya yana Sakkwato, kusa da asibitin koyarwa, amma gidansa bene ne, shi da matarsa kuma ma'aikata. Gidanta na Kebbe cike yake da dangi, sai dai likitanta ya yi nisa. Ni ina Tambuwal, bakin titin Sakkwato zuwa Jega.

Ba girman gida muka duba ba. Wa zai juya ta da dare kada bayanta ya yi gyambo? Wa zai kama ta zuwa bayi, ya zuba mata ruwan alwala?

Muka tambaye ta. Ta ce, "Ku kai ni inda za a yi hira da ni, ba inda za a aje ni ba."

Ta dawo Tambuwal. Muka rushe dokin ƙofar ɗakinta. Yaya ya ɗauki kuɗin magani, ƙanwarmu tana zuwa daga Kebbe duk Juma'a, ta yi mata kitso, ta ba ta labarin gari. Amma in hadari ya haɗu, tambayarta ɗaya ce: an shuka gonarta?